Sola Daga Rini Da Zobo: Gaskiyar Maganar Da Iyakarta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk mai sana'ar da ke dogara da janareto ya shiga lissafi. Mai cajin waya a Agege, tela a Sabon Badun, mai ruwan sanyi a Fatakwal, mai aski a Ama Hausa ta Owerri, kowa maganarsa ɗaya: sola. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Abin ya zama gaba kura baya siyaki.

A irin wannan hali ne mutanenmu ke yawan tambaya, wai da gaske ne masana sun gano yadda ake haɗa sola da zobo ko lalle? In da gaske ne, ai gara mutum ya ɗan dakata da sayen faranti mai tsada har mai arha ya fito. Wasu kuma suna cewa tatsuniya ce kawai. To amsata ita ce, maganar tana da tushe mai ƙarfi a kimiyya, an fi shekara talatin ana aiki a kanta. Amma wanda ya riƙe kuɗinsa yana jiran farantin zobo ya ɗauki firjinsa, wallahi zai daɗe yana shaƙar hayaƙin janareto. Bari in warware muku dalili daki-daki, domin wanda ya fahimci abin nan, da wuya wani ɗan kasuwa ya ruɗe shi da surutu.

Kalmomi uku kafin mu shiga

Wutar lantarki ba komai ba ce illa gudun wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a cikin waya, sunansu ilektron. In suna gudu akwai wuta, in sun tsaya babu.

Ta biyu ita ce ilektirod. Ku dubi batirin mota, yana da kai biyu. Ɗaya ƙofar da ilektron ke fita, ɗaya ƙofar da suke komowa. Kowace ƙofa irin wannan ita ce ilektirod, ko da ƙarfe aka yi ta ko da gilashi na musamman.

Ta uku molekul, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar wani sinadari, wadda in ka ƙara farfasa ta ya tashi daga zama wannan sinadarin. Launin zobo, launin lalle, korentakar ganye, duk molekul ne ke kawo su. Zobo ja ne saboda molekul ɗinsa suna shanye koren ɓangaren hasken rana, su bar jan ya dawo idonka. Ku riƙe wannan: duk abu mai launi, wani ɓangare na haske yake sha. Tambayar da masana suka yi ita ce, hasken da rini ya sha, ba za a iya karɓe ƙarfinsa a mayar da shi wuta ba?

Maganar ta daɗe

A shekarar 1839 wani matashi ɗan Faransa mai shekara 19, Edmond Becquerel, ya tsoma ilektirod biyu a cikin ruwan sinadari, ya haska ɗaya daga ciki, sai ya ga 'yar wuta ta motsa. Nan ne asalin duk wata sola. A 1873 kuma wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya gano cewa in aka sa rini a kan farantin ɗaukar hoto, yana iya kama launukan hasken da a da ba ya gani. Wato rini yana iya shan haske ya miƙa ƙarfin ga abin da yake manne a jikinsa.

Amma solar da muka sani a yau ta bi wata hanya daban. A 1954 aka fito da ita a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, da silikon aka yi ta, tana mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata zuwa wuta. Ita ce kakar farantan da ke jingine a shagunan Alaba. Silikon daga yashi ake samo shi, sai dai tace shi yana buƙatar zafi mai tsanani da masana'anta mai tsada. Shi ya sa wasu masana suka ci gaba da neman hanyar rini, ko za ta fi sauƙi.

Matsalar da ta tsare su shekaru ita ce wannan. Rinin da yake aiki shi ne wanda ya taɓa jikin ilektirod kai tsaye, wato shimfiɗa ɗaya tak mai kaurin molekul guda. In ka lafta rini da kauri, na sama ba shi da hanyar miƙa ilektron ɗinsa. In kuma ka tsaya a shimfiɗa ɗaya a kan abu mai sulɓi, hasken da za ta sha bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sauran ya wuce abinsa.

Dabarar 1991

A shekarar 1991 Brian O'Regan da Farfesa Michael Grätzel na jami'ar fasaha ta tarayya da ke Lozan a ƙasar Suwizalan suka wallafa mafita a mujallar Nature. Suka ce, in shimfiɗa ɗaya ce kawai ke aiki, to a faɗaɗa wurin da za a shimfiɗa ta.

Ku ɗauki misalin faranti da soso. In ka zuba ruwa a kan farantin tasa, samansa kaɗai ke jiƙewa. In soso ne mai girman farantin, ruwan zai shiga lungu-lungu, ya jiƙa fili mai yawa a ciki. Su ma soso suka yi, amma da garin titaniyam dayoksayid, farin sinadarin nan da ke sa farin fenti ya yi fari. Kowace ƙwayar garin ba ta wuce nanomita 20 ba; sai ka jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda. Suka shafa garin a kan gilashi mai ɗaukar wuta, kaurin shafin kamar maikromita 10, bai ma kai kaurin gashi ba, suka gasa shi har ƙwayoyin suka manne da juna. Filin da ke cikin wannan soson ya ninka filin gilashin sau ɗaruruwa, har kusan dubu.

Daga nan sai aikin marina. Ana tsoma gilashin a cikin rini a bar shi ya kwana, kamar yadda ake tsoma zane a Ƙofar Mata. Rinin ya bi kowace ƙwaya ya lulluɓe ta da shimfiɗa ɗaya. Haske in ya shigo, ya tsere wa wannan ƙwaya zai faɗa wa ta gaba, har a shanye mafi yawansa. Da wannan dabara suka samu sama da kashi 7 cikin 100. A 2010 ƙasar Finlan ta ba Grätzel babbar lambar yabon fasaha ta Millennium saboda wannan aiki.

Yadda wutar ke fita

A farantin silikon, abu ɗaya ne ke yin komai: shi ke shan haske, shi ke tura ilektron. A na rini kuwa an raba aiki, kamar yadda ake sauke tirelar tumatir a Mile 12. Akwai mai miƙo kwando daga saman mota, akwai mai karɓa ya kai rumfa, akwai mai turo wa na saman wani kwandon.

Rini shi ne na saman mota. Haske ya buge shi, ilektron ɗinsa guda ya sami ƙarfi ya yi tsalle ya faɗa cikin titaniyam. Wannan tsalle yana faruwa cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Titaniyam shi ne ɗan dako, yana miƙa ilektron daga ƙwaya zuwa ƙwaya har gilashi, daga gilashi ya shiga waya, ya kunna abin da aka jona. Bayan ya gama aiki sai ya komo ta ilektirod na biyu, wani gilashin da aka shafa wa filatinam ko baƙin gawayi. Tsakanin gilasan biyu akwai ruwan sinadari mai aidin a ciki. Shi ne ke ɗauko ilektron daga ilektirod na biyu ya mayar wa rinin da ya rasa nasa. Rini ya cika, ya sake jiran haske. Haka abin ke zagayawa muddin akwai haske.

Ganyen bishiya ma kusan haka yake yi. Koren sinadarin da ke cikinsa, kulorofil, yana shan haske ya saki ilektron, sai dai ita bishiya abinci take haɗawa da ƙarfin, mu kuma waya muke tura shi.

To ina zobo ya shigo?

Rinin da Grätzel da abokan aikinsa suka yi amfani da shi ba na daji ba ne. A ɗakin bincike aka haɗa shi, da wani ƙarfe mai suna rutiniyam a tsakiyarsa. Rutiniyam ɗan gidan su filatinam ne, yana da wuyar samu, yawancinsa daga ma'adinan Afirka ta Kudu da Rasha yake fitowa. Tsadarsa ce ta sa masu bincike a ƙasashe da dama, har da jami'o'in Najeriya, suka shiga gwada rinin tsirrai. Zobo yana cikin waɗanda aka fi gwadawa, saboda jan sinadarinsa mai suna antosayanin yana kama jikin titaniyam da kansa, ba sai an sa masa wani abin ɗauri ba. An gwada lalle ma, da ganyaye da furanni iri-iri.

Kuma yana aiki fa. Malamin kimiyya a sakandare in ya sami gilashi mai ɗaukar wuta guda biyu, domin gilashin taga ba ya yi, zai iya nuna wa ɗalibai. A shafa kunun titaniyam a ɗaya, a gasa shi a zafin digiri 450 na kamar rabin awa, ya huce, a tsoma a ruwan zobo mai kauri har farin ya rine. Ɗayan kuma a kara shi a kan harshen kyandir ya yi baƙi. A haɗa su fuska da fuska, a ɗiga ruwan aidin ɗin a tsakani, a matse, a fita rana da mita. Allura za ta motsa, za a ga abin da bai kai rabin bolt ba ko kusa da haka. Yaron da ya ga zobon da mahaifiyarsa ke ƙullawa a leda ya motsa mita, ba zai sake cewa kimiyya ta Turawa ce kaɗai ba. Wannan amfani ne babba, ban raina shi ba.

Amma mu yi lissafin ɗan kasuwa

Rana tsaka, sama garau, ƙarfin hasken da ke sauka a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi kusan wat 1,000 ne. Wannan shi ne jarin, ba wanda zai ci riba fiye da shi. Farantin silikon na zamani yana kama kashi 20 zuwa 23 cikin 100, wato wat 200 da ɗoriya a wannan fili.

Mafi kyawun solar rini da aka yi a ɗakin bincike, da rinin da masana suka ƙera, ta kai kashi 13 a 2014, sannan ta haura kashi 15 kaɗan a 2022, duka a Lozan. Wannan fa a ɗan ƙaramin gwaji ne da bai kai farcen yatsa girma ba. Rinin tsirrai kuwa, irin su zobo da lalle, yawanci ba ya kai kashi 1.

Mu ɗauka na zobo ya ba da rabin kashi 1. Wat 5 ke nan a kowace murabba'in mita. Fanka mai cin wat 60 tana buƙatar murabba'in mita 12, wato faɗin ɗaki guda, kuma sai rana ta take. Wutar da silikon zai bayar a mita ɗaya, sai ka shimfiɗa mita 40 na zobo. Kuma zobon ne kaɗai mai arha a cikin kayan. Gilashin nan na musamman shi ne mai cin kuɗi, ga shi za ka saye shi ninki 40. Ina ribar?

Bayan rauni akwai gajeren kwana. Mata sun san abin da rana ke yi wa launin tsirrai, ko tabon zobo a riga in ya sha shanya sai ya koɗe. Rinin da aikinsa shi ne zama a rana kullum, in ba mai juriya ba ne, ya mutu da wuri. Ko wanda aka yi da rutiniyam yana da ciwonsa: ruwan da ke tsakanin gilasan. Zafi yana sa shi kumbura ya nemi hanyar fita, in ya tsiyaye ko ya bushe aiki ya tsaya, aidin kuma yana cin ƙarfe. Ku auna wannan da kwanon rufi a Legas cikin watan Maris, ko ruwan Yuni da Yuli a Fatakwal. Shi kuwa silikon ba ruwa a cikinsa, manyan kamfanoni suna ba shi garantin shekara 25.

Abu na ƙarshe da ya karya kasuwar solar rini shi ne, silikon da aka ce yana da tsada ya zo ya yi arha. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun Chaina. Tsadar da muke gani a nan ta faɗuwar naira ce da kuɗin batir da inbata, kuma farantin rini ba zai rage maka ko ɗaya daga cikinsu ba.

Inda rini ya fi silikon

Kada a ce na kashe abin gaba ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan solar rini shi ne cikin ɗaki. A hasken ƙwan lantarki ko hasken da ke shigowa ta taga, silikon yana yin sanyi, rini kuwa ana iya ƙera shi ya dace da irin wannan haske daidai. A 2017 masu bincike sun samu kusan kashi 29 cikin 100 a ƙarƙashin fitilar ɗaki. Sai dai a lura, hasken ɗaki mai kyau bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na hasken rana tsaka ba. Kashi 29 na ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ne. Ya isa rimot, na'urar auna zafi, allon farashi a kanti, da irin ƙananan kayan da ke cin batir. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Exeger yana yin irin wannan sola mai lanƙwasuwa kamar fata, kuma a 2021 kamfanin Urbanista ya fitar da abin sauraron kiɗa na kunne da ke caji da ita.

Tana kuma da kyan gani, domin ana yin ta ja ko kore ko ruwan lemo, haske yana ratsa ta. A 2014 an buɗe wani babban zauren taro mai suna SwissTech a jami'ar Lozan, an rufe gefensa guda da gilasan solar rini masu faɗin murabba'in mita 300. Taga ce, inuwa ce, kuma tana ba da wuta.

Jikan da ya fi kakansa

Babbar gudummawar wannan bincike ta fito ne ta inda ba a zata ba. A 2009 wani masani ɗan Japan, Tsutomu Miyasaka, ya cire rini daga irin wannan sola ya sa wani sinadari da ake kira farobiskayit a madadinsa. Ya samu kashi 3.8. Da aka kawar da ruwan aka koma busasshen abu, sai lamba ta yi ta hawa, yau ta haura kashi 25. Yanzu ana ɗora shi a kan silikon, kowanne ya sha nasa ɓangaren hasken. A 2020 masu bincike a Balin ta Jamus, tare da abokan aikinsu na Kaunas a Lituweniya, suka haura kashi 29 da wannan haɗi. Sirrin aikin nasu shi ne shimfiɗa mai kaurin molekul ɗaya da suka manna a jikin ilektirod don ta sauƙaƙa wucewar wuta. Wato tsohuwar dabarar nan ce ta dawo da sabuwar riga. A 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da irin waɗannan faranta ga masu saye a Amurka.

Shi ma yana da nasa aibin. Danshi da zafi suna lalata shi in ba a rufe shi da kyau ba, kuma akwai dalma a cikinsa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan muhimmancin sanin inda za a zubar da irin wannan kaya in ya mutu.

Abin da nake so mai saye ya riƙe

In kana da halin sayen sola yau don shagonka ko ɗakinka, silikon za ka saya, kada ka jira. Kuɗin man da za ka ƙona kana jira ya fi abin da kake fatan ragewa.

In wani ya zo maka da faranti mai launi ko leda mai sheƙi ya ce sabuwar fasaha ce, ba ruwanta da hadari, za ta ɗauki firji, to ka ce ya kawo tef. Auna tsawo da faɗi, ka fitar da murabba'in mita, ka ninka da 230. Abin da ya fita shi ne kusan iyakar wat ɗin da farantin kirki na kasuwa zai iya bayarwa. Farantin wat 550 na gaskiya ya haura mita 2 a tsawo, ya haura mita 1 a faɗi. Wanda ya nuna maka abin da bai kai rabin haka ba da lambar 550 a bayansa, takarda ya sayar maka. Wannan awo yana aiki a kan kowane irin faranti, sabo ko na hannu.

Sannan mu da ke Kudu mu tuna rana a nan ba irin ta Sakkwato ko Maiduguri ba ce. Hadari da ruwan sama suna rage abin da faranti ke tarawa, musamman tsakiyar damina. Lissafin da ya ishi ɗan'uwanka a gida ba lallai ya ishe ka a Anacha ko Kalaba ba, sai ka ƙara faranti.

Zobo kuwa, manoman Jigawa su ci gaba da nomansa, masu kai shi Meziko su ci gaba da lodi. In kuma kana da yaro a makarantar unguwa, ka yi wa malamin kimiyyarsu maganar gwajin nan na gilashi biyu da kyandir. Kayan ba su da yawa, kuma da rabin kofin zobo za a gama. Allah Ya sa mu dace.